Ƙwaryar Zabiya Tanoma

A zamanin Sarki Barmo, na goma sha ɗaya a jerin sarakunan Birnin Tsaure, an yi wata damina da ba a ji kiɗa a birnin ba. Wata biyar ke nan rundunar Sarkin Kwalmi ta kewaye ganuwa ta gabas da kudu da yamma. Arewa kaɗai ta bari, don can Fadamar Laka take, wadda doki ba ya shiga, mutum ma in ya kuskure taku ɗaya sai ta haɗiye shi har hula.

Dalilin shirun kuwa kowa ya san shi. A wata na biyu na yaƙin, majalisa ta yanke cewa kada a buɗe ƙofa, a jira abokan gaba su gaji. Amma ran wata Laraba Zabiya Tanoma, babbar mawaƙiyar fada, ta hau kan ganuwa tana yi wa Yarima Anaruwa kirari, tana kiran sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Tana kai na bakwai Yarima ya sa aka zare sakatar ƙofa, ya fita da barade sittin. Babu wanda ya komo. Barde Ƙosau na Kwalmi shi ya sare shi da hannunsa, mutanen kan ganuwa suna kallo.

Al'adar Tsaure ce, in aka kashe magajin sarki a fagen fama, sai a kife tambura, a sassauta fatunsu, har ranar da aka ɗauki fansa. Wanda ya kaɗa wani abu kafin nan, ko da ƙwarya ce, a bakin hannunsa na dama. Tun daga ranar Tanoma ta shige ɗakinta, ta rataye ƙwaryarta a bayan ƙyaure.

Da rumbuna suka soma nuna gindi, Madawaki Cindo, shugaban mayaƙa, ya kawo shawarar a ratsa fadamar, a ɓullo bayan sansanin Kwalmi, a ƙone musu guzuri. Akwai hanya, wani siririn tudu ne a ƙarƙashin ruwa mai kwana-kwana, lanƙwasa ashirin da ɗaya, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum goma a lokaci guda. Matan ƙauyukan bakin ruwa masu cirar bado su suka san shi, a cikin waƙarsu ta aiki suka ajiye shi. Yaƙi ya watsa su. Cikin birni kaf Tanoma ce ta rage, don a cikinsu ta tashi kafin a kawo ta fada, ga shi gwiwoyinta sun daɗe da ƙin tafiya.

Tun da waƙa ta haramta, Waziri Tagwai, wanda ya fi kowa alƙalami a ƙasar, ya sa ta faɗa masa baitocin da baki, ya rubuta. Kwana huɗu ana karanta wa dakaru takardar. Aka tura mutum ashirin gwaji. Sha ɗaya suka dawo, laka har wuya.

Washegari da hantsi majalisa ta zauna. Sarki Barmo ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Shamuwoyin da ke kan tsamiyar ƙofar fada sun tashi sun bar sheƙarsu tun damina ba ta ƙare ba, fadawa kowa ya gani a kan hanyarsa ta shigowa, ba wanda ya so ya fara faɗa. Aka shigo da manzon Sarkin Kwalmi. Ya ajiye igiya da fartanya a gaban shimfiɗa, ya ce, "Ubangidana yana gaisuwa. Ya ce kwana bakwai ya ba ku. In kun buɗe ƙofa, ku yi masa noma. In shi ya buɗe, ga igiya."

Aka fita da shi zaure ya jira amsa.

Waziri Tagwai ya gyara zama, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mai Tsaure da kewayenta. Bawanka ba matsoraci ba ne, amma yana da ido. Tsuntsu ma ya ga abin da ya gani ya tashi. Hatsin da ya rage ba zai kai mu kaka ba. Fadama mun gwada, ta ci mana tara. A nemi sulhu tun muna da bakin magana."

Madawaki ya ce, "Ba fadama ce ta ci su ba, Waziri. Takardarka ce."

"Takardata ba ta da aibi. Harafi ɗaya ban bari ba. Laifin kan mutanenka ne, wanda ba ya riƙe abu. Kwana huɗu ina karanta musu suna gyangyaɗi kamar waɗanda suka sha kunun kanwa."

"Ina ma sun samu kunun," in ji Madawaki. Wasu suka murmusa, ba su da ƙarfin dariya.

Sarki ya ɗaga hannu. Ya ce wa Sarkin Dogarai, "A kira ta."

Aka shigo da Tanoma tana dogara sanda. Ta durƙusa daga nesa da ƙyar, ta yi gaisuwa. Sarki bai dube ta ba, wata uku ke nan bai dube ta ba.

Ya ce, "Zabiya, kin ɓoye wa Waziri wani abu?"

"Allah ya ba ka nasara, ban ɓoye ba. Duk abin da bakina ya sani na faɗa masa. Baiti ya ce a juya dama ko hagu, shi ya rubuta. Amma tsakanin kwana da kwana amshi ne ke tafiya da mutum. Kowane bugun ƙwarya taku ɗaya ne. Wani wurin amshin sau biyu, wani wurin ya fi haka. Na ce masa ana maimaitawa, ya ce ya sani, ba sai an ɓata takarda ba, ya rubuta shi sau ɗaya."

"To, faɗi adadin yanzu a ƙara," in ji Waziri. "Ga tawada."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Tun ina goye nake jinta, ban taɓa ƙirgawa ba. Na gwada a ɗaki, a zuci, sai in ɓata. Hannuna ne ya sani, shi ma sai yana kan ƙwarya mutane suna amsa mini."

Waziri ya juya ga Sarki. "Zaki, ka ji ko? Abin da ba ya faɗuwa da baki, ba ya rubutuwa, wannan ba sani ba ne. Kewar dandali ce ke damun tsohuwa. Wannan muryar ce ta fitar da Yarima ƙofa. Yanzu a ba ta mutum ɗari uku, mayunwata, ta hura musu kai su faɗa ruwa?"

Tanoma ta sunkuyar da kai, ta ce, "Waziri ya faɗi gaskiya a kan Yarima. Ni na ga jininsa ya hau, na ga idonsa, maimakon in sassauta sai na ƙara. Ba na neman a yafe mini. Amma wannan ba kirari ba ne, Allah ya ja zamaninka. Waƙar aiki ce ta mata, babu sunan kowa a cikinta."

Madawaki ya ce, "Ni dai ba malami ba ne, ranka ya daɗe. Amma shekara talatin ina koya wa mutane sahu. Abin da aka faɗa wa soja da safe, kafin azahar ya zube. Abin da ya rera, ko yana zazzaɓi yana nan. A ba ni ita kwana uku."

"Doka fa?" in ji Waziri. "Ko ita ma a kife ta tare da tambura?"

Sarki ya ce, a hankali, kamar mai ɗauke da kaya, "Dokar ta girme ni, ba zan taɓa ta ba. Zabiya, in kin kaɗa, hannunki yana kan doka. In aka ɗauki fansar ɗana kafin kwana bakwai ɗin nan su cika, doka ta faɗi da kanta, kin tsira. In ba haka ba, Sarkin Dogarai ya san aikinsa. Ba zan tilasta miki ba."

"Na ji, na yarda."

"Kuma ba za ki kira sunan ɗan kowa ba."

"Ko an roƙe ni, Zaki."

Aka mayar wa manzon Kwalmi igiyarsa da fartanyarsa. Waziri Tagwai ya ce shi zai raka shi ƙofar birni da kansa, don girmamawa. An ga sun daɗe suna magana a inuwar ganuwa, amma kowa ya gaji, ba wanda ya kula.

Da la'asar aka tara dakaru ɗari uku a farfajiyar gidan Madawaki. Wasu a kwance, wasu sun jingina da garkuwa, leɓuna sun bushe. Aka shimfiɗa wa Tanoma tabarma. Ta kifa ƙwaryarta, ta shafa ta da tafin hannu ta share ƙurar wata uku.

Wani dogo daga baya ya ce, "Iya, mu da aka ce za mu yaƙi, ashe gaɗa aka kawo mu?"

Ta ce, "Da ka iya gaɗa, ɗana, da ba ka yi wannan tsayi ba aure ba. Matso nan gaba in ga ƙafafun."

Aka ɗan yi dariya. Ta buga, ta ɗauko baitin farko da murya da ta dishe:

"Daga gindin giginya, 'yar uwa, bi hannun dama."

Ta jira amshi. Ba wanda ya amsa. Ta sake, nan ma shiru, sai tarin wani. Ta yi na uku tana kallon ƙasa. Sai daga gefe wani tsohon ɗan baka mai suna Dawai, wanda aka haifa a bakin fadamar, ya amsa da wata irin murya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe:

"Bado na ƙasa, ruwa na bisa, taka sannu."

Ya amsa sau biyu, a na uku muryar ta karye. Ya rufe fuska da hannun riga. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Inna ce ke yin ta in tana yi mana wanka. Na ɗauka na manta."

Babu wanda ya yi masa dariya. Tanoma ba ta tsaya ba, ta ci gaba da bugu a hankali har ya samu ya sake kamawa. Na kusa da shi suka kama, sannan na bayansu. Kafin ta kai baiti na huɗu waɗanda ke kwance sun tashi zaune. A gidajen maƙwabta aka ji taɓarya ta tsaya. Wata uku birnin bai ji komai ba sai kukan yara da kiran salla, yanzu ga murya ɗari uku tana tashi tana sauka tare. Jakadiya ta faɗa daga baya cewa a fada Sarki ya ce a rufe taga, da aka rufe kuma ya ce a buɗe.

Tanoma ta ce, "To, a zaune ba a koyonta. Ku tashi goma goma, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Bugu ɗaya, taku ɗaya. In kun ji amshi ya hau sama, na ƙarshe ke nan, kwana ta zo."

Suka yi ta zagaya farfajiya har rana ta faɗi. Washegari ma haka. Madawaki ya zauna a gefe da tsakuwa a hannu yana ƙirga wa kansa, ya tarar a kwana ta bakwai amshin sau tara ne, inda takarda ta ce ɗaya. A nan ne mutum taran nan suka juya cikin zurfi. Ya aika wa Waziri ya zo ya gani da idonsa. Waziri ya aiko cewa ba shi da lokacin kallon rawa.

A rana ta biyu da yamma ƙafafu suka daidaita, murya ta yi ƙarfi, samari suka soma buga mashi a ƙasa. Bugun ya yi ta sauri ba da saninta ba. Dogon nan ya ce, "Iya, yanzu yi mana na maza. Kira mana kakanni mu ji daɗin mutuwa."

Ta ɗaga kai ta ga idanunsu, irin idon da ta gani a kan ganuwa. Sunayen suna nan a bakinta, ta san uban kowa da kakansa. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙwarya, ta daina kaɗawa har mashin ya tsaya.

Ta ce, "Na maza na yi wa wanda ya fi ka, ga shi ban sake ganinsa ba. Laka ba ta tsoron jarumi, ɗana. Mai sauri take so. Mu koma daga giginya, sannu."

A rana ta uku ta sa aka ɗaure musu idanu da rawuna, aka zuba toka a ƙasa daidai yadda hanyar take, ta janye hannunta daga ƙwarya. Suka taka ta da waƙar a bakinsu, goma bayan goma, ba wanda ya fita daga toka.

Da asubar rana ta huɗu suka fita ta ƙaramar ƙofar arewa. Tururin ruwa ya rufe fadamar, mutum ba ya ganin komai sai ƙeyar na gabansa. Ruwa iya ƙugu, wani wurin iya ƙirji, kwari da baka a bisa kai. Kowane goma suna rera amshin ƙasa ƙasa, kamar masu magana da kansu. Madawaki yana cikin goman farko.

Sun wuce kwana ta goma sha huɗu suka soma jin ihu a gabansu, da harshen Kwalmi. Da tururin ya ɗan yaye sai ga mutane birjik a cikin laka dama da hagu, wasu iya wuya, wasu sai hannu. Mayaƙan Kwalmi ne, sun shigo daga ɗaya gaɓar suna nufin su ɓullo wa birni ta arewa. Na tsakiyarsu, wanda sulke ya ja shi har ƙirji, Barde Ƙosau ne. Hannunsa ɗaya a sama, yana riƙe da wata takarda kada ta jiƙe.

Dawai ya ɗana kibiya. Madawaki ya ce, "Ɗaya tak. Kada kowa ya bar taku." Dawai ya saki kibiyar, ta sami Barde. Aka miƙa mashi aka zaro takardar, aka ci gaba da amshi daga inda aka tsaya.

A fada kuwa tun fitowar rana majalisa take zaune. Tanoma tana ƙofar zaure a kan tabarmarta, Sarkin Dogarai yana tsaye kusa da ita, yana kauce wa kallon hannunta. Da hantsi masu gadin ganuwa suka aiko cewa hayaƙi ya tashi bayan sansanin Kwalmi. Da azahar suka ce ana kwance bukkoki, ana ɗaure wa jakuna kaya. La'asar sakaliya aka buɗe ƙofar gabas, karo na farko cikin wata uku, Madawaki Cindo ya shigo da laka busasshiya har gemu.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Guzurinsu ya ƙone, sun tashi, sun nufi kudu. Barde Ƙosau ya mutu a Fadamar Laka, ga sulken hannunsa. Mun fita mu ɗari uku, mun dawo ɗari biyu da sittin. Arba'in ɗin a sansani suka faɗi, fadama ba ta ci mana ko ɗaya ba." Ya zaro takardar daga aljihu ya ajiye a gaban shimfiɗa. "Wannan kuma a hannun Barde na same ta. Ni ba na karatu, amma na kwana huɗu ina kallon rubutun nan."

Sarki ya ɗauka, ya duba, ya miƙa wa Waziri Tagwai. "Hannun wa?"

Waziri ya dubi takardar, ya ga baitocin a jere daga ƙarshe zuwa farko, yadda ya juya su don mai shigowa daga waje, da amshin sau ɗaya a sama. Bakinsa ya yi motsi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Harafi ɗaya ban bari ba."

"Haka ne," in ji Madawaki. "Da ka zo kallon rawa, da yanzu Kwalmi ce ke zaune a nan."

Sarki ya ce wa Sarkin Dogarai, "Tashi daga wurin tsohuwar nan, ga naka." Aka cire wa Waziri rawani, aka fita da shi. Sannan Sarki ya ce a tayar da tambura, a ɗaure fatunsu.

Ya juya ya dubi Tanoma, duba na sosai. Ya ce, "Zabiya, doka ta faɗi. Hannunki naki ne. Madawaki ya cancanci kirari, na ɗage miki sharaɗi, kira shi da kakanninsa."

Tanoma ta dubi ƙofar fada. Samarin da suka dawo sun cika ta, wasu tuni suna maganar a bi Kwalmi har gida. Bayansu mata ne a tsaitsaye, suna leƙen fuskoki, kowace tana neman nata. Ba ta ga dogon nan ba.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, Madawaki ya san kakanninsa. In Zaki ya yarda, a bar ni in yi ta bado. Akwai gida arba'in da ba za a shiga da labari mai daɗi ba yau, kuma matan gidajen kwana uku suna jinta ta kan katanga. Sun iya amshin."

Sarki ya gyaɗa kai.

Ta jawo ƙwaryar, ta kifa, ta buga a hankali. Ta ɗauko daga gindin giginya. Samarin suka bar maganar Kwalmi. Amshin ya taso daga can baya, daga wurin matan, ya ratso ƙofa har cikin zaure. A karo na uku fadawan da ke kusa da shimfiɗa suka ga leɓen Sarki Barmo yana motsi tare da su, sai kowa ya sunkuyar da kai, aka bar shi ya amsa.